Gwanintar da Na Yi wa Kwamfutar Surukina

Ko da zan manta da lambar wayata, ba na jin zan taɓa mantawa da kwana ukun da na yi ina haɗa gumi a shagon surukina da ke Babbar Kasuwar Kaduna. Abokaina sun sha cewa in daina ba da labarin nan tunda ni ne a ƙasa a cikinsa, amma ai duk layin masu ɗinki sun riga sun yaɗa shi ba da izinina ba, gara ku ji daga bakin mai shi.

Ni malami ne a wata 'yar makarantar kuɗi da ke Unguwar Dosa, kuma darasin kwamfuta nake koyarwa. (Kada wannan ya ruɗe ku. Da alli nake koyar da shi. Kwamfutocin makarantar biyu ne, ɗaya tana ofishin hedimasta, ɗayar kuma tun zuwana take lulluɓe da leda ana jiran mai gyara.) Na iya zana kwamfuta a allo tsaf, na haddace sunayen sassanta kamar yadda littafi ya kawo, kuma wannan ya isa dangin matata su ɗauke ni kamar ni na ƙera abin. Duk wadda wayarta ta cika da hotunan biki ni ake kawo wa, in goge mata biyu-uku, a yi ta sa mini albarka. Ban taɓa gyara musu wannan zaton ba, don gaskiya yana yi mini daɗi.

Sai kuma wani hali nawa da mahaifiyata ta gaji da yi wa addu'a: ba na iya ganin abu a rufe ban so in san abin da ke cikinsa ba. Ina yaro na kwance mata agogon bango, na mayar da shi, ƙusoshi uku suka yi saura, agogon bai sake motsi ba. Na girma, na yi gemu, na yi aure, amma halin yana nan daram.

Surukin nawa, wanda nake kira Baba, shi ne mahaifin matata Bilkisu. Ita ce 'yar farinsa, saboda haka tunda nake ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, sai dai ya ce “yarinyar nan” ko “mutanen gidan”. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta asali. In na je gaishe shi in durƙusa, idona a ƙasa, ya ce “Malam, ya aiki?”, in ce “Alhamdu lillahi, Baba”, shi ke nan hira ta ƙare. Shekara shida muna a haka, kowa yana ganin girman kowa.

Sana'arsa aikin wuyan riga ne. Da hannu ya fara tun yana saurayi, da ido ya fara gajiya ya sayi injin aikin kwamfuta, irin wanda ake ɗaure yadi a kansa allura ta yi ta bin zane ita kaɗai. Wata tsohuwar kwamfutar hannu ce ke ba injin umarni, kuma a cikinta duk zane-zanen Baba suke, har da waɗanda ya zana da fensir a takarda aka shigar masa. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta a jikinta take numfashi. Mutumin da ya haɗa masa ita tun farko, wanda ya bar garin da daɗewa, ya kafa masa doka ɗaya: kada a taɓa haɗa ta da intanet. Baba bai tambayi dalili ba. Ya dai riƙe dokar, har yana cewa kwamfutarsa 'yar kulle ce, ba ta fita ba ta karɓar baƙi. In ya gama aiki sai ya kashe ta ya rufe ta da wani guntun shadda.

Ranar wata Laraba, muna hutun makaranta, Bilkisu ta aike ni in kai masa saƙo da safe. Na tarar da shi yana gyara zaman hula da sauri, an yi masa waya cewa wani ɗan uwansu ya rasu a Katabu. A kan injin kuwa ga wata farar babbar riga a ɗaure, shadda mai tsada tana ɗaukar ido. Ta angon da za a ɗaura wa aure ne ran Asabar a Zariya, ɗan wani aminin Baba, kuma an yi alkawari za a zo a karɓa ran Juma'a bayan La'asar. Aikin aska takwas ne, irin na Baba na kansa mai wani lanƙwasa da ba kowa ke da shi ba. An gama aska huɗu, saura huɗu.

“Malam, ka zauna mini a shagon,” in ji shi. “Duk wanda ya zo ka ce sai bayan La'asar. Kada ka taɓa komai.”

“To Baba. Allah ya jiƙan rai, a sauka lafiya.”

Na zauna kamar mutumin kirki na kusan rabin awa. Sai idona ya soma komawa kan guntun shaddar nan. Wai me ya sa aka hana ta intanet? Me zai same ta in ta leƙa waje? Cikinta ma yaya yake? Na ce wa kaina kallo kawai zan yi, ai kallo ba taɓawa ba ne. Na ɗaga ƙyallen, na kunna ta.

Gaskiya na sha kallo. Ga zane-zane reras, kowanne da sunan da Baba ya raɗa masa: “dagi ƙarami”, “na Alhaji mai taya”, “wanda Bayarabe ya ƙi”, “aska takwas tawa”. Da na tsaya a nan da yanzu ba ku da labarin karantawa. Amma tambayar farko tana nan tana cizona. Na ciro wayata, wadda dama kullum take raba data saboda Bilkisu a jikinta take hawa intanet a gida, na nemo ta a kwamfutar, na buga lambobin sirri.

Ai kuwa kamar jira take. Saƙonni suka rinƙa faɗowa ta gefen allo. Babba daga cikinsu ya ce, da Turanci, babbar manhajar da kwamfutar ke tafiya a kanta ta tsufa ƙwarai, akwai sabuntawa da aka tara mata, a yi yanzu ko daga baya? A nan Shaiɗan ya zo mini da shawara mai daɗi. Na hango Baba ya dawo ya tarar da kwamfutarsa tana gudu kamar sabuwa, na hango shi yana faɗa wa surukata a gida cewa ashe Malam ya san aikinsa. Na danna “yanzu”, har da 'yar bismillata.

Ta ɗauki lokaci tana sauko da kayanta, datata tana ƙonewa ina kallo ina jin kaina wani babban injiniya. Can ta kashe kanta ta sake tashi, ta fito da rubutu a tsakiyar allo cewa tana kan aiki, kada a kashe ta. Lamba ta fara hawa: goma, sha bakwai, ashirin da shida. Na gyara zama, ina son in ga yadda sabuwar fuskarta za ta kasance. Tana kan talatin da wani abu ladanin masallacin layin ya ce Allahu Akbar, kafin ya kai ta biyu fanka ta tsaya, ƙwan fitila ya mutu, allon ya yi baƙi ƙirin.

Ga abin da ban sani ba, wanda ko kyanwar layin ta sani. In babu wutar gari, kamar ranar, duk shagunan daga babban janareta ɗaya suke shan wuta, na wani Bazamfare mai suna Malam Iliya. Shi kuma al'adarsa, da an kira Azahar yake kashe injinsa, jama'a su tafi masallaci, inji ya huta. Kowane mai shago kafin kiran salla yake tsayar da aikinsa ya kashe na'urarsa. Ni baƙo ne, kuma ban tambayi kowa ba.

Sallar da na yi a ranar, Allah dai ya karɓa da rahamarsa, don ban san surar da na karanta ba. Da wuta ta dawo na kunna kwamfutar. Wasu 'yan ɗigo suka yi ta zagaye, suka yi ta zagaye, sai allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, da wata 'yar fuskar baƙin ciki a sama da rubutu a ƙasa. Ta mutu da kanta, ta tashi da kanta, ta sake komawa shuɗin. Na ƙirga sau bakwai. (Ko a wannan halin sai da na tsaya ina mamakin wanda ya zauna ya zana wa kwamfuta fuskar tausayi. Ya san irinmu ne za mu gani.) Daga nan na kashe ta, na rufe ta da guntun shaddarta yadda na same ta, har ina daidaita gefe da gefe, na koma benci na ɗauki carbi.

Baba ya dawo bayan La'asar da gajiyar maƙabarta a jikinsa. Na yi masa gaisuwa. Ya buɗe kwamfutar don ya ci gaba da aikin ango, shuɗin nan ya gaishe shi. Ya kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna. Sannan ya juyo gare ni, kuma abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne ba da zargi ya dube ni ba, da fata ya dube ni.

“Malam, Allah ya sa kana nan. Duba mini, me ya same ta?”

Wannan ita ce ƙofar da aka buɗe mini in faɗi gaskiya. Na matsa, na ƙura wa allon ido kamar yau na fara ganinsa, na shafa gemu, na ce, “Baba, mai yiwuwa ƙarfin wuta ne. In janareta ya kawo wuta da ƙarfi, kuma tana jone a bango, yakan taɓa ta ko a kashe take.”

Ku lura, ban ce shi ne ba, “mai yiwuwa” na ce. Da wannan kalmar na yi ta lallashin zuciyata kwana biyu.

Washegari Alhamis na dawo tun da safe a matsayin mai ceto. Na danna duk maɓallin da ke jikinta, ɗaya-ɗaya da bibbiyu. Na ɓoye waya a ƙarƙashin benci ina kallon bidiyon masu gyara, kowa da abin da yake faɗa, ni kuma ba na gane rabin Turancinsu. Duk wanda ya leƙo sai in haɗe gira in ce ana kan bincike. Baba kuwa ya zagaya shagunan masu irin injinsa ko za a samu wanda zai ƙarasa rigar. Kowa ya duba ya ce ba shi da wannan zanen, in aka ɗora wani a kai askar hagu za ta saɓa da ta dama, ko makaho ya shafa zai gane. A warware huɗun da aka yi kuma, shaddar za ta cika da hudar allura. Aikin hannu kuwa sai a yi makonni.

Da rana ta yi, Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya nufi rumfar Malam Iliya. Ina jiyo su daga shago.

“Iliya, injinka ya ƙona mini kwamfuta! Tun yaushe ake ce maka wutar nan tana rawa?”

“Alhaji, ji tsoron Allah! Shago nawa ka shan wuta ga wanga inji? Mi ya sa taka ɗai ta ƙone? Wa ya ce maka injina ne?”

“Wanda ya sani ne ya faɗa. Malamin kwamfuta ne guda!”

Na ji kamar in shige cikin buhun ƙyallaye. Mutane suka taru suna ba da haƙuri, Malam Iliya yana rantsuwa, Baba ya dawo yana huci. Jim kaɗan mahaifin ango ya bugo waya yana tambayar riga, na ji Baba ya sassauta murya ya ce, “In sha Allahu gobe, Alhaji, kada ka damu.” Da ya ajiye wayar sai ya zauna gaban injin yana shafa zaren askar da aka gama da yatsa. Tausayinsa ya kama ni, kunya ta rufe ni. Yaya mutum zai dubi surukinsa ya ce, Baba, abin da ka ce kada in taɓa, na taɓa, kuma na bar ka ka yi faɗa da maƙwabcinka? A gida Bilkisu ta ce an gaya mata Baba ko abinci bai ci ba, ta ƙara da cewa, “Kai da ka san kan abin nan, don Allah ka dage.” Na ce mata ina dagewa.

Ran Juma'a da sassafe wani tela maƙwabcin Baba ya zo da wata mata mai suna Rukayya, wadda ke da shagon gyaran kwamfuta a wani bene kusa da kasuwar. Ba ta da yawan magana, 'yar jaka ce kawai a hannunta. Ta gaishe da Baba, ta kunna kwamfutar, ta kalli shuɗin allon kamar yadda unguwarzoma ke kallon cikin wata tara.

“Baba, wannan ba ƙarfin wuta ba ne. Da wuta ce ta buge ta ko tashi ba za ta yi ba. Afdet, wato sabuntawa, aka fara yi mata aka katse a tsakiya. Wa ya haɗa ta da intanet?”

“Intanet kuma? 'Yata, wannan tunda take ba ta taɓa ganin intanet ba.”

“To,” in ji ta. “Za mu gani.”

Na ɗan ja da baya. Kafin a jima ƙofar shagon ta cika da maƙwabta, har da Malam Iliya, wanda ya tsaya a gefe ya harɗe hannu, don ya ji an ce ana wanke injinsa.

Abin mamaki, duk da tsoron da nake ciki, aikin matar nan ya ɗauke mini hankali. Da farko ta soka wani filashi nata ta tada kwamfutar ta cikinsa, ta kwashe zane-zanen Baba kaf ta adana a gefe. Ta ce wannan ne farko, kafin a taɓa komai. Amma ta yi gargaɗi cewa zane kaɗai ba zai ɗinka riga ba, domin manhajar da ke magana da injin tsohuwa ce, da tsohon tsarin kawai take shiri, kuma samun irinta yanzu sai an sha wuya. Shi ya sa mutumin farko ya hana a haɗa ta da intanet. (Amsar tambayata ke nan, wadda da na yi haƙuri da a kyauta zan same ta.) Daga nan ta yi wani abu da ya ba ni mamaki: ta kunna kwamfutar ta kashe da gangan tana cikin tashi, har sau uku, sai ga wani shafi da ban taɓa gani ba ya fito da zaɓuɓɓukan gyara. Ban san lokacin da na matso ba.

“Hajiya, me ya sa sai sau uku?”

“In ta kasa tashi a jere, takan gane da kanta cewa ba lafiya, sai ta buɗe ƙofar gyara.”

“To yanzu me za ki zaɓa?”

“Zan ce ta cire abin da ta fara sakawa ta koma yadda take. Yanzu kamar mace ce da aka tsefe wa rabin kai makitsiya ta gudu, ba tsohon kitso ba sabo.” Ta ɗago ta dube ni. “Kai ma ka taɓa harkar ne?”

Kafin in yi magana Baba ya amsa mata da alfahari, “Ai malamin kwamfuta ne.”

“Ma sha Allah,” in ji ta, ta mayar da kanta kan aiki.

Kusan awa guda muna kallon ɗigo suna zagaye. Can sai allon ya yi haske, ga tsohuwar fuskarta ta dawo, ga “dagi ƙarami”, ga “aska takwas tawa”, kowa a mazauninsa. Baba ya ɗaga hannu sama yana hamdala, maƙwabta suna barka. Ni ma na sauke wata doguwar ajiyar zuciya, na ce a raina Allah ya rufa asiri, an yi an gama, ba wanda ya sani.

Sai na ga Rukayya ta matsa fuskarta kusa da kusurwar allon.

“Af. Baba, ka ce ba ta taɓa ganin intanet ba, ga ta kuwa ta haɗu yanzu da kanta ta wata waya. Ta san wayar, an taɓa ba ta lambar sirri.” Ta ƙanƙance ido tana karantawa, da muryar da duk shagon zai ji. “Sarkin Zuciyar Bilkisu. Har da hoton zuciya a gaba. Wane ne Sarkin Zuciyar Bilkisu a nan?”

Bari in yi muku bayani, ko da yake ba na jin daɗinsa. Duk wayar da ke raba data tana fitowa da suna. Bilkisu ce ta sa wa tawa wannan sunan tun muna amarci, muka yi dariya, ko da na sake waya ita ta sake rubuta shi, ni kuma na daina ma ganinsa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana za a karanta shi a tsakiyar kasuwa, a gaban mahaifinta, mutumin da ko sunan ba ya iya furtawa ba.

Na ƙura wa ƙafata ido. Na ce a raina in na daure na yi shiru, ai Bilkisu ba ɗaya ba ce a Kaduna.

“Wayar tana kusa, ba ta wuce shagon nan ko bakin ƙofa ba,” in ji Rukayya. “Kuma ga shi ta fara sauko da abin nan daga farko, ta yi nauyi ta ƙi motsi. Don Allah mai Bilkisu ya kashe datarsa yanzu, in ba haka ba mu koma gidan jiya, rigar nan kuma sai dai ango ya sa rabi.”

Na dubi farar rigar da askarta huɗu, na dubi ƙeyar Baba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban mutum fiye da goma na zura hannu a aljihu na ciro wayata. Don ƙarin wulaƙanci yatsana ya jiƙe da gumi, sai da na kuskure buɗe ta sau biyu, kowa yana jira. Na kashe. Alamar da ke kusurwar allon ta ɓace nan take, kamar mai ba da shaida ta gama ta zauna.

“La'ilaha illallahu,” in ji Malam Iliya daga bakin ƙofa. “Ashe sarki na nan cikinmu, mu ba mu kai gaisuwa ba.”

Wani ya yi tari, wani ya fita da sauri yana toshe baki. Rukayya ta tambayi telan da ya kawo ta a hankali wace ce Bilkisun, ya raɗa mata, ta dafe baki ta ce, “Innalillahi, Baba a yi haƙuri.” Baba dai fankar sama yake kallo kamar yau aka ɗaura ta. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata. (Daga baya na gano akwai maɓalli guda a jikin kwamfutar da ke yanke intanet nan take. Mace irin Rukayya ba za a ce ba ta san shi ba. Har yau ina son in tambaye ta ko da gangan ta yi, amma ba ni da fuskar hawa benen nan.)

Da ta gama goge sunan wayata daga ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta gwada injin allura ta motsa, Baba ya miƙe ya ce, “Malam, taso.” Na bi shi a baya kamar akuyar da za a kai mahauta. Sai da muka yi nisa da kunnuwan mutane ya tsaya, bai dube ni ba, ya yi magana a hankali.

“Da ka ce mini kai ne tun ran Laraba, da fushina bai kai Magariba ba. Inji ai inji ne. Amma ka bar ni da furfurata na je na ɗaga wa mutum murya a gaban jama'a a kan abin da bai yi ba.”

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Muka isa rumfar Malam Iliya, wanda ya riga mu komawa, sai na ga Baba ya tattara rigarsa ya durƙusa a gabansa, a kan ƙasar da ta jiƙe da baƙin mai, ya ce, “Iliya, na zalunce ka, ka yafe mini.” Na zube a bayansa ina cewa laifina ne, ni ne. Malam Iliya ya yi wuf ya kama hannun Baba ya ɗaga shi.

“Haba Alhaji, tashi don Allah, wallahi ya wuce. Rigar awa nawa ta rage?”

Baba ya ce kamar huɗu zuwa biyar, ga kuma Juma'a a tsakani. Malam Iliya ya ce yau injinsa ba zai huta ba. Haka aka yi. Muka tafi masallaci, janareta yana ruri shi kaɗai a layin da ba kowa, Rukayya ta zauna tana gadin zare kada ya tsinke. Ana idar da La'asar allura ta soka ɗinkin ƙarshe na aska ta takwas, kuma ko ni da ban san aikin ba na ga hagu da dama sun yi daidai. Kafin ta tafi ta ba Baba filashi biyu da zanensa a ciki, ta ce sabuntawa ba laifi ba ce, amma ba a yin ta sai an adana kaya, an tabbatar da wuta, an kuma tambayi mai abu. Wannan na ƙarshen ni ta kalla ta faɗa.

Muna ninke rigar, ni na kama gefe Baba ya kama gefe, sai na ji ya yi gyaran murya.

“Wai Malam, da ka haɗa ta ɗin, me ta fara cewa?”

Na ɗauka gatse ne, na saci kallonsa, sai na ga da gaske yake tambaya. Na ba shi labarin saƙonnin da lambar da ta rinƙa hawa da fuskar tausayin. Ya yi ta gyaɗa kai, yana tambayar wannan yana tambayar wancan, a ƙarshe ya ce shi ma ya sha zama shi kaɗai a shago yana tunanin abin da zai faru, tsoro ne ya hana shi. Tunda na auri 'yarsa ba mu taɓa yin hira mai tsawon wannan ba, kuma sai da na kusa kashe masa sana'a muka same ta.

Bilkisu ta yi wata guda ba ta iya taka gidansu ba. Ni kuma har gobe in na shiga layin masu ɗinki, tun daga bakin hanya ake ɗaga mini hannu ana cewa ranka ya daɗe, Malam Iliya har cire hula yake yi. Na daina jin haushi, tunda ni na saya da kuɗina, har da datata. Abin da dai na koya shi ne, in ka yi ɓarna a gaban na'ura, yi maza ka faɗa da bakinka tun laifin yana guda ɗaya. Mutane za su iya rufa maka asiri don kunya, amma kwamfuta ba ta san suruki ba, kuma ba ta mantuwa.